Littafin da mai karatu ke zaɓen hanya

A wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Samaru ta Zariya, akan yi sa'a a tsinci irin littafin nan da ba a karantawa a jere. Misali, The Warlock of Firetop Mountain, na Steve Jackson da Ian Livingstone, ya fito a Ingila a 1982, an kasa shi sashe 400. In ka zaɓi ƙofar dama, a tura ka sashe kaza. In dodo ya tare ka, ka jefa ɗan ludo, ka rubuta ragowar ƙarfinka da fensir.

Wani abokina a Sabon Gari yana tara irin waɗannan littattafai, har masu yagaggen bango. Da shi muke raba dare muna gardamar wace hanya ce ke kai mutum ga akwatin bokan da ke cikin The Warlock of Firetop Mountain.

Nakan tuna Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934. Yawon Alhaji Imam gari gari, da artabunsa da Malam Zurƙe, ai sun dace da wannan tsari ƙwarai. Marubutanmu na Zariya, don Allah ku rubuta wa yaranmu irin wannan littafi na zaɓen hanya da Hausa.