Gidan abincin Japan da ke Hausari

Gidan abincin Japan mafi kusa da Unimaid yana Hausari, kuma Hajiyar da ke girki a wurin ba ta ma san mene ne sushi ba. Babu allo a ƙofa, babu suna. Zaure ne da benci biyu da tabarma, sai tukwane uku a kan murhu. Tuwon shinkafa da burabusko take yi, miyar kuka ko ta karkashi, da bandar tarwaɗa a ciki. Masu keke Napep da 'yan kasuwar Monday Market ne ke cika wurin. Ɗalibi kuwa sai dai in wani ya kai shi.

Na san wasu za su ce karatu ya fara taɓa min kai. Ku tsaya ku ji.

Mu a nan, da an ce abincin Japan sai mu tuna ɗanyen kifi da tsinke biyu, irin hoton da 'yan Abuja ke ɗorawa. Amma girkinsu na yau da kullum a kan wani romo ya tsaya, dashi. Abu biyu ake haɗa shi da su: wani ganye da ke fitowa a teku mai suna kombu, da kifin da aka dafa, aka yi ta banda shi da hayaƙi har ya bushe ƙarau kamar itace. A 1908 Farfesa Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo ya gano sinadarin da ke sa romon ganyen nan daɗi, wato gulutamet, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. A 1913 ɗalibinsa Shintaro Kodama ya gano wani sinadarin daban a cikin busasshen kifin. Daga baya aka fahimci in biyun suka haɗu a tukunya ɗaya, daɗin ninkawa yake yi.

To yanzu ku leƙa tukunyar Hajiya. Banda daga kasuwar kifi ta Baga Road, ga kifin hayaƙi ke nan. Daddawa, wadda take cike da gulutamet ɗin nan. Lissafin ɗaya ne, kuma iyayenmu mata sun daɗe da warware shi ba tare da sun shiga ɗakin gwaje-gwaje ba.

Maganar daddawar ma ta fi ba ni mamaki. Japanawa suna da wani abu natto, waken suya ne da ake dafawa a rufe shi ya ruɓa, a da cikin karan shinkafa ake naɗe shi. Ƙwayar bakteriyar da ke wannan aiki, Bacillus subtilis, ita ce dai ke aikin kalwa in an rufe ta kwana biyu zuwa uku. Daddawar waken suya da mata suka koma yi saboda tsadar kalwa, wallahi 'yar'uwar natto ce uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da wari, yana da yauƙi, kuma da shi suke karya kumallo a kan shinkafa, wani lokaci har da kuɓewa. Wato mai shan karkashi ba zai yi baƙunta a can ba.

Na tambaye ta, "Hajiya, wace daddawa kike sawa?" Ta ce, "Ta kalwa mana, ɗan nan. Ta wake sai in abin ya gagara." Sai farin magi ɗan kaɗan a bakin cokali. Shi ma ɗin, Ajinomoto, daga binciken Ikeda ya fito, an fara sayar da shi a 1909. Jita-jitar da muka taso muna ji a kansa, wai yana wanke hanji kamar yadda yake wanke tufafi, a bar ta. Daga rake ko rogo ko masara ake samar da shi, kuma sodiyom ɗin da ke cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke cikin gishiri.

Abin da ke ci min rai shi ne mu. A 2013 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Japan cikin kayan gadon duniya. Mu kuwa a ɗakunan kwana, mutum ya jefa daddawa a miya sai abokan ɗaki su hau toshe hanci, su kira shi baƙauye, alhali kowa da ita aka yaye shi. A ajinmu na digiri na biyu, da aka zo zaɓen abin bincike, kowa ya gudu wajen biskit da yogot. Na ce daddawa, aka kwashe da dariya. Ga kamfanin Japan ɗin nan ya riga ya fara sayar da garin daddawa a leda a Najeriya. Su sun ga kasuwa. Itacen ɗorawa kuma sai raguwa yake, ana sarewa ana gawayi, matan da suka iya aikin kalwa suna tsufa, 'ya'yansu ba su koya ba.

Ni dai a kanta zan yi nawa binciken. Don Allah duk wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ke yin daddawa, ko ta kalwa ko ta wake ko ta batso, daga Biu ne ko Potiskum ko Mubi, ya tambayo min abu uku: awa nawa take dafawa, da wane ganye take rufewa, kuma kwana nawa take bari kafin ta buɗe.