Mai Murya da Mai Fuska: Tsakanin Lahore da Kano

A nan Lahore, idan tsohuwar waƙar fim ta tashi a rediyo, da wuya a tuna jarumar da ta hau ta, amma kowa ya san mai muryar. Sau da yawa za ka ji an ce ta Madam ce, wato Noor Jehan.

An haife ta a Kasur a 1926, ta fara fim tun tana yarinya a Kalkata. A zamaninta sau da yawa jaruma ce ke rera waƙarta da bakinta, haka ta yi a Anmol Ghadi a 1946, da Jugnu tare da Dilip Kumar a 1947. Da aka raba Indiya da Pakistan a shekarar, sai ta komo Lahore. Fim ɗinta Chan Wey na 1951 ya sa ake ƙirga ta mace ta farko da ta ba da umarni a Pakistan. A farkon shekarun 1960 ta daina fitowa a fim, ta koma rera wa wasu jarumai, kuma maimakon sunanta ya dushe, sai ya ƙara tashi. Waƙoƙin da ta rera wa sojoji a Rediyon Pakistan lokacin yaƙin Indiya da Pakistan na 1965 har gobe ana jin su. Ta rasu a Karachi a 2000.

Wannan daraja ba a banza ta samu ba. A Bombay, faifan waƙar fim ɗin Mahal na 1949 bai ɗauki sunan mawaƙiyar, Lata Mangeshkar, ba, sunan matar cikin labarin aka buga. Masu sauraro suka dami gidan rediyo da tambaya har aka faɗi sunanta. Daga baya ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba mawaƙa kasonsu daga cinikin faifai, har suka ɓata da mawaƙi Mohammed Rafi a kan haka.

Mu a Kano mun ɗauko wannan tsari daga finafinan Indiya, amma rabinsa muka ɗauko. Mawaƙa maza irin Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa suna fitar da kundinsu, sunansu na gaba. Mace kuwa yawanci ta shiga situdiyo, ta rera baitocin da wani ya rubuta, a sallame ta da kuɗin aikin ranar, jaruma ta hau waƙar ta kwashe farin jinin. Fati Nijar da Maryam A. Baba sun yi suna, amma su nawa ne muka haddace muryarsu ba mu san ko sunansu ba?

Gyaran ba ya buƙatar jari mai yawa. Furodusa ya rubuta sunan mawaƙiya tare da na jaruma, a fim da YouTube. Mai gabatarwa a rediyo ya ambace ta. A yi yarjejeniya a rubuce, ta samu kaso duk lokacin da waƙar ta kawo kuɗi. Haƙƙi ne, kuma mun san hukuncin cin gumin wani.