Masu tsaron dutsen ƙanƙara

Yara, a ƙasarmu sanyi baƙo ne. Yana zuwa da hunturu, ya yi wata biyu ko uku, mu hura wuta da safe mu ji ɗumi, kana ya wuce abinsa. Amma akwai ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Can, in hunturu ya kama, ruwan sama ba ya saukowa ruwa. Yana saukowa fari fat, da laushi kamar audugar da aka shiɓe. Shi ne ake kira dusar ƙanƙara. Tana rufe gonaki da hanyoyi da rufin gidaje. Wani wuri ta kai ma mutum gwiwa, wani wuri kuwa ta shanye tsawonsa duka.

Mutanen waɗannan ƙasashe sun maida ita abin wasa. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu masu santsi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya hau bisa dutse, kana ya zamo har ƙasa. Sunan wasan siki.

Wurin da na ga wannan wasa da idona shi ne kwarin Shamoni, a duwatsun Alp na ƙasar Faransa, kusa da iyakar Italiya da Swis. Garin yana bisa tsayin metir 1035 daga bakin teku. A kansa akwai dutsen Mon Bulan, wanda ya haura metir 4800. Ku gwada shi da Idukal-n-Tages na duwatsun Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar da metir 2022: Mon Bulan ya ninka shi biyu, har da saura. A Shamoni ne aka yi wasannin Olampik na hunturu na farko, a shekarar 1924. Na je can lokacin da nake karatu a birnin Garanobul. Wata makaranta ta nemi manya da za su raka aji guda na tsawon mako, na kuwa shiga cikinsu. Da safe yaran su yi karatu, da rana su koyi siki.

Abu na farko da na lura shi ne ba a hawan dutsen da ƙafa. An kafa manyan turaku na ƙarfe, an miƙa igiyar ƙarfe a kansu, an rataya kujeru. Inji yana jan igiyar, kujerun suna hawa cike da mutane, suna saukowa wofi. Akwai ma'aikaci a ƙasa, akwai wani a bisa. In ƙaramin yaro zai zauna, sai na ƙasa ya rage gudun injin, ya sa wani babba kusa da shi, ya tabbata an sauke sandar ƙarfen da ke tare mutum kar ya faɗo. In iska ta yi ƙarfi, a tsaida kujerun gaba ɗaya, ko da layi ya yi tsawo.

Yadda kake hawa, haka sanyi ke ƙaruwa. A kowane metir 1000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Abin mamaki kuma, rana tana ƙuna a can. Sabuwar dusar ƙanƙara tana maido da hasken rana kamar madubi, har ta iya ɓata idon mutum kwana ɗaya ko biyu. Don haka kowane yaro sai da baƙin tabarau, da safar hannu, da hular kwano.

Hanyoyin da ake zamowa ba ɗaya ba ne. An kasa su gida huɗu, kowane da launinsa. Tsanwa ta masu koyo ce, gangarenta kaɗan ne. Shuɗiya ta ɗara ta. Ja ta waɗanda suka iya ce. Baƙa kuwa sai gwanaye, don in ka tsaya a bakinta ka leƙa, sai ka ce rijiya ce. A gefen kowace hanya an kafa sanduna masu launinta, da alluna masu lamba. In mutum ya faɗi ya ji ciwo, wanda ya gan shi ya faɗi sunan hanya da lambar allon da ke kusa, nan da nan masu ceto su san inda yake.

Akwai kuma dokokin tafiya, kamar na hanyar mota. Ƙungiyar siki ta duniya ta tsara guda 10. Wanda ke gaba shi ke da hanya, don ba ya ganin bayansa, na baya ne zai kauce masa. Ba a tsayawa a wuri mai ƙunci, ko bayan tudu inda mai zuwa ba ya hango ka. Kafin ka shiga hanya sai ka dubi bisa. In ka tarar da hatsari, dole ka tsaya ka taimaka. Malamin siki ya sa yaranmu suka haddace su kafin su taka ƙanƙara.

Ɗakin da nake kwana yana duban dutsen. Da dare nakan ga fitilu suna hawa suna sauka a gangare, kamar taurari masu tafiya. Na tambaya, aka ce mini manyan motoci ne masu ƙafar sarƙa. Duk yini masu wasa suna kwashe ƙanƙarar daga wani wuri su tara ta a wani, su bar ramuka da tuddai. Da dare motocin nan su maida ta inda take, su danne ta, su share ta sumul. Direbobinsu suna aiki mutane na barci. Da safe mai wasa ya tarar da hanya lafiya lau, bai ma san wanda ya gyara ta ba.

Amma waɗanda suka fi shiga raina su ne masu sintiri, waɗanda Faransawa ke kira pistar. Su ne na farkon hawa, su ne na ƙarshen sauka. Tun da duhu suke bin hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Su duba ko dutse ya fito fili, ko ƙanƙara ta daskare ta zama kamar kwalba, ko iska ta kada alama. Su naɗe turakun ƙarfe da katifu, su ɗaura raga a bakin rami. Sai sun ce an buɗe kana a buɗe. Da marece su sake bi, su tabbata ba a bar kowa bisa dutse ba.

Babban abin tsoronsu shi ne zaftarewar ƙanƙara. Ga yadda take faruwa. Dusar ƙanƙara tana sauka hawa-hawa, ta yau bisa ta jiya. In sabuwar ba ta manne da tsohuwar ba, kuma gangaren ya kai digiri 30 ko ya fi, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle ta. Sai faffaɗan yanki ya taho gaba ɗaya. Wata zaftarewar tana gudun fiye da kilometir 200 a awa. Tana karya itatuwa, tana rushe gidaje. Ku da kuka san kori da damina za ku gane: kwari yana bushe, kafin ka ankara ruwa ya taho daga nesa ya tafi da shanu da amalanke. To, haka take, sai dai ita fara ce, kuma ta fi ruwa sauri.

Faransawa sun koyi wannan darasi da hawaye. Ran 10 ga Fabrairu 1970, a garin Bal Dizer, ƙanƙara ta zaftaro ta afka wa wani masaukin matasa suna cikin karin kumallo. Mutum 39 suka rasu. Shekara guda bayan haka, a 1971, aka kafa ƙungiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta a Garanobul. Ran 9 ga Fabrairu 1999 kuma, a ƙauyen Monrok, cikin kwarin Shamoni kansa, wata ta rufe gidaje ta kashe mutum 12. Tun shekarar 1993 ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni ɗaya mai hawa 5. Lamba 1 hatsari kaɗan ne, lamba 5 kuwa hatsari ne mafi girma. Kowace safiya ana kafa lambar ranar a wurin hawa kujeru, kowa ya gani.

A rana ta huɗu da zuwanmu, ƙanƙara ta kwana tana sauka. Da safe rana ta fito, dutse ya yi kyau ƙwarai. Amma allo ya nuna lamba 4, kuma an ɗaure igiya a bakin hanyoyin bisa. Mutane suka taru suna gunaguni. Wani mutum ya ɗaga murya, ya ce ya biya kuɗin tikiti mai tsada, ya yi tafiyar awa shida, ba zai yini yana kallon igiya ba. Yaranmu ma suka ɓata rai. Wani dattijo cikin masu sintiri ya saurare shi har ya gama, bai yi fushi ba. Ya ce masa kuɗi ana iya samun wasu, ya roƙe shi ya dakata awa guda ya ga abin da zai faru.

Ba a daɗe ba muka ji ƙara kamar aradu. Abokan aikinsa ne suka jefa nakiya can bisa, don su ɓalle ƙanƙarar da gangan tun babu kowa ƙarƙashinta. Muka ga tsaga ta ratsa farin gangaren. Sai yankin duka ya taho, ƙura fara ta tashi sama. Ya sauka daidai bisa hanyar da aka rufe, ya binne sandunanta. Wurin ya yi tsit. Mai ɗaga murya bai ƙara cewa uffan ba.

Da marece dattijon ya zo ajinmu. Ya nuna wa yara kayan aikinsa: ƙaramar na'ura da ake ratayawa a ƙirji, wadda ke nuna inda mutum yake ƙarƙashin ƙanƙara, da doguwar sanda ta tsokaci, da shebur. Ya zo da karensa, wanda aka hora ya shinshino mutum. Ya ce wanda aka tono cikin minti 15 na farko, cikin goma tara suna rayuwa. In an wuce rabin awa, mafi yawa numfashinsu ya ƙare. Shi ya sa ba su tafiya, gudu suke. In abin ya fi ƙarfinsu, su kira jandarmomin dutse, waɗanda aka kafa rundunarsu a Shamoni a 1958, su zo da jirgi mai saukar ungulu. Lambar kiran ceto a Turai ita ce 112.

Wata yarinya ta tambaye shi ko gwanaye ma suna jin ciwo. Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ambaci Michael Schumacher, Bajamushen nan zakaran tseren mota, wanda ya faɗi bisa dutse a Meribel a watan Disamba 2013, a wani ɗan fili tsakanin hanyoyi biyu da ba a gyara ba. Yana da hular kwano, amma duk da haka ya ji mummunan rauni a ka.

Washegari na ga aikin ceto da idona. Wani saurayi ya faɗi a hanya ja, gwiwarsa ta gurɗe. Abokinsa ya kafa katakansa biyu a giciye can bisa da shi, don masu zuwa su kauce. Masu sintiri biyu suka iso da wani gado mai zamiya, mai kama da ƙaramin kwalekwale. Suka ɗaure ƙafar, suka lulluɓe shi da bargo, ɗaya a gaba ɗaya a baya suka sauko da shi sannu a hankali har wurin motar asibiti. A Faransa irin wannan ceto na bisa hanyar siki ba kyauta ba ne, wanda aka ɗauka shi ke biya. Don haka mutane da yawa suna sayen inshora tare da tikitinsu.

Na daɗe ina tunanin wannan igiya. Siririya ce, ko ƙaramin yaro yana iya ɗaga ta ya wuce. Ba ta da ƙarfin tsaida kowa. Ƙarfinta yana wurin mutanen da suka ɗaura ta, waɗanda suka tashi tun asuba, suka tona ƙanƙara suka duba hawa-hawanta, suka san abin da ya faru a wannan gangare shekaru da yawa. Baƙo yana ganin rana da farin dutse kawai. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Wataƙila da yawa cikinku ba za su taɓa ɗaura katakan siki ba. Amma kowannenku zai tarar da igiyarsa: tsohon da ya ce kar a ƙetare kori yau don an yi ruwa a gabas, ko mai rijiya da ya ce kar a matso bakinta. Ku tambaye su dalili, don tambaya tana ƙara sani. Kafin amsa ta zo kuwa, ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Tambayoyi

1. Ku faɗi launukan hanyoyin siki huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.
2. Mi ya sa masu sintiri ke jefa nakiya bisa dutse da safe?
3. Mi ya faru a Bal Dizer a shekarar 1970?
4. Shamoni yana bisa metir 1035, Idukal-n-Tages yana da metir 2022. Da metir nawa dutsen ya fi garin tsayi?
5. Wane wuri ne mai hatsari a garinku, kuma wa ke yi muku gargaɗi a kansa?