Fam 400 Da Harafi Guda

Ina so in ba ku labarin wahalar da na sha a kan harafi guda, ko wani zai tsira daga irinta.

Kawuna, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a Birmingham. Shi ne mai riƙon amanar fatakenmu na can. Tun da ya sayi na'urar Amstrad PCW, irin wadda ta fito a 1985, ya bar rubuta lissafi a takarda. Da aka zo rabon gado sai magada suka kawo mini faifai 9 nan Manchester, wai ni malami ne. To, faifan Amstrad inci 3 ne, ba ya shiga kowace kwamfuta ta yanzu. Kuma ko ya shiga, rubutun LocoScript ne, na'urar yau ba ta jin wannan yare.

Na yi ta cigiya har Allah ya haɗa ni da wani tsohon Bature mai tara irin waɗannan na'urori. Ya juye mini rubutun zuwa ASCII, wato tsurar haruffa 128 waɗanda kowace na'ura ke karantawa. Amma a cikinsu babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ashe kawu wata alama ta dabam yake bugawa a madadin masu lanƙwasa. Bature bai sani ba, ya mai da su duka b da d da k.

Sai ga wani layi: kudin Hajiya fam 400 ya bata. Magada suka ce ai ga shi nan, ya ba ta. Hajiya kuwa, tsohuwa mai takaba biyu a baya, ta rantse ko kwabo ba ta karɓa ba. Har magana ta fara ɓaci.

Da ajami ya rubuta, da alif ya raba gardama, don ba ta ana jan ta, ɓata kuwa ba a ja. Na kan gaya wa almajiraina haka, su yi ta dariya. Kuma ku duba, a Jami'ar Birmingham akwai warƙa 2 na Alƙur'ani a kan fata, waɗanda aka auna a 2015 aka ce fatar ta tsakanin 568 da 645 ce, har yau ana karanta su da ido. Faifan kawu bai cika shekara 40 ba.

Na koma wurin Bature, na roƙe shi ya kunna tsohuwar na'urar mu ga asali. Allon ya haska kore. Ga alamar kawu nan zaune a gaban kalmar: ɓata ne. Muka gwada da ɗari da ƙasa a wasu layuka, duk haka yake yi. A shafi na gaba kuma ya rubuta cewa shi zai biya.

Na kira babban ɗansa ya hau jirgin ƙasa ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe yana duban allon bai ce uffan ba. Ran Juma'a aka kai wa Hajiya kuɗinta, sa'an nan aka raba saura.