Tambaya ta goma a ɗakin mai jego

Wasu shekaru da suka wuce, ina hutu a gida Awe, wata ɗalibar jami'a ta zo garin tana binciken digirinta na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan'adam. So take ta san yawan matan da ke fama da ciwon damuwa bayan haihuwa. Ba ta jin Hausa sosai, sai aka haɗa ta da ni in riƙa yi mata tafinta muna bi gida-gida. Ni kuwa sai murna, an ce za a ba ni ɗan na goro.

Takardar da ta zo da ita tambayoyi goma ce, wadda masana a Birtaniya suka wallafa a 1987, ake kuma amfani da ita a ƙasashe da dama. Ana tambayar mai jego yadda ta ji a kwana bakwai da suka wuce: ko tana iya dariya, ko baƙin ciki na hana ta barci, ko tana yawan kuka. Ta goman ce mai nauyi, domin tana tambayar ko tunanin cutar da kanta ya zo mata. Binciken ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan ciwon damuwar.

Ran nan muka shiga gidan wata ƙanwata ta dangi, ko arba'in ba ta yi ba. Maigida ya ba mu izini tun daga zaure, muka ɗauka magana ta ƙare. Surukarta na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa a faifai. Na karanta takardar neman amincewa da sauri kamar mai biya hadda, yarinyar ta dangwala yatsa. Akwai layin da ya ce tana da damar ta ƙi, kuma ba wanda zai ji amsarta. Na karanta shi, alhali ga tsohuwa nan taku uku tsakaninmu.

Da muka kai ta goma, sai ta yi shiru, ta dubi jaririn, ta ce a hankali, "Yaya, wani lokaci yana zuwa."

Tsohuwa ta ajiye faifai. "Me kika ce?"

Mu dai muka sa alama a takarda, muka yi sallama, muka wuce gida na gaba. Kafin magariba magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce taɓin hankali. Aka daina barin ta ita kaɗai da ɗanta, daga baya aka mayar da ita gidan iyayenta "ta huta". Babu allura, babu ƙwaya, tambaya ɗaya ce ta girgiza aurenta, kuma da bakina na yi ta.

Mu 'yan Arewa in aka ce bincike, Kano muke tunawa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, inda aka sa yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce ya samu amincewarsu da baki. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shi ya sa muke tsoron mai sirinji, amma mai biro da takarda sai mu shimfiɗa masa tabarma.

A fannin ita ɗalibar ma akwai darasin da ya kamata ya tsayar da mu. A 1961 Stanley Milgram ya yi wani gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka, inda aka umarci mutane su riƙa jona wa wani lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa. Lantarkin na ƙarya ne, amma su ba su sani ba. Cikin mutum 40, 26 suka bi umarni har ƙarshe, don kawai wani mai rigar aiki ya ce su ci gaba. To in magidanta a Amurka sun kasa cewa a'a, ina ga yarinya mai jego da mijinta ya riga ya ce to, ga baƙuwa daga jami'a, ga yayarta riƙe da takarda? Dangwala yatsan nan kunya ce, ba yarda ba.

Ƙa'ida kuwa tana nan. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya wajabta wani kwamiti ya duba bincike kafin a fara shi, a kuma yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. Izinin maigida ladabin shiga gida ne, ba ya maye gurbin yardar matar. Da mun bi abin yadda yake, da mun roƙi Inna ta ɗan ba mu wuri, ko mu dawo wani lokaci. Kuma mai yin irin wannan tambaya ya kamata ya zo da sanin inda zai tura wadda ta ce "yana zuwa". Mu ba mu zo da komai ba sai biro. Yau in mai bincike ya yi sallama a gidana, nakan tambaye shi wa ya amince masa, wa zai ga amsata, kuma me zai yi in ya tarar ina cikin matsala.

Wani kawunmu ne daga baya ya kai ta asibiti a Lafiya, aka ɗora ta a kan magani, ta samu sauƙi, ta koma ɗakinta. Da na je ba ta haƙuri, murmushi ta yi ta ce, "Ba komai, Yaya, ai ke aka aiko." Muna gaisawa har yau, muna haɗuwa a biki da suna. Amma tun daga ranar, duk abin da na tambaye ta, amsarta ɗaya ce: lafiya lau.