Tsohon Babur

Da safe ƙarar tsohon babur ɗina, Honda CG 125, ta ɗan sauya, kunnena ya gane fulogi ne tun kafin bakanikena na Fagge ya taɓa shi. Shekaru ne suka koya mini wannan: juye baƙin mai a kan kari, wanke kabureta bayan ƙurar hunturu, zaga shagunan Sabon Gari neman kayan gyara masu aminci. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ta mamaye tituna, sababbin babura na zuwa suna wucewa. Nakan yi tunani, ashe sabo ba ya sayuwa a kasuwa. Sai mutum ya daɗe yana ɗawainiya da abu, ko da ɗan'uwansa, kafin ya iya jin ciwonsa tun bai faɗa ba.