Kafin Mu Hau Jirgi a Tafkin Jabi

Mu mazauna Abuja teku ta yi mana nisa, shi ya sa idan hutun Sallah ya zo, da yawanmu tafkin Jabi muke nufa da iyali domin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Abin yana da daɗi, yara ba sa mantawa. Amma ruwa ba ya wasa.

A watan Yunin 2023, mutane fiye da 100 sun rasu a kogin Neja, yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa, ta sha jan kunne kan abubuwa uku: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Ko da Jabi bai kai Neja girma ba, ruwan da ya wuce tsayin yaro ya isa ya ci shi.

Saboda haka mu je da rana, mu sauka kafin magariba. Mu daidaita kuɗi da tsawon zagaye tun muna tudu. Kowa ya sa rigar kariya daidai jikinsa, domin ta babba zamewa take daga jikin yaro. Idan hadari ya haɗo, mu haƙura. Kada kowa ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto.

Idan matuƙi ya ce babu rigar yara, mu fasa hawa, ko da yaran sun yi kuka. Allah Ya kiyaye mu.